Muhawara Kan Tafarnuwar Lambun Gida: Zaɓen Iri, Lokacin Shuka da Ranar Cira

Maman Yara:

Assalamu alaikum, jama'a. Na gyara wani ɗan fili a bayan ɗaki, wanda rana ke samunsa tun daga hantsi har la'asar, kuma ina da niyyar shuka tafarnuwa a cikinsa. Tambayoyina uku ne, ina roƙon waɗanda suka san abin su yi mini bayani dalla-dalla. Shin tafarnuwar da ake saye don amfanin gida tana yin iri, ko kuwa sai an nemo wata ta dabam? Wane lokaci ne ya fi dacewa a shuka ta a wurin da watannin zafi suka fi na sanyi yawa? Sannan, tun da kan yana ɓoye ne a cikin ƙasa, ta yaya mutum zai gane cewa ta ƙosa ba tare da ya yi ta tono yana ɓarna ba?

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari in fara da maganar iri, domin a nan ne yawancin masu lambun gida suke yin asara tun kafin su sa komai a ƙasa. Da wuya tafarnuwa ta yi ƙwayar iri mai tsira kamar yadda albasa take yi, saboda haka 'ya'yan da ke cikin kan nan su ake ɓarewa a shuka, kowace ƙwaya kuma ta ba da kai guda. Abin da wannan ke nufi shi ne, duk halin da kan da kika ɓare yake da shi, mai kyau da marar kyau, shi zai dawo miki: idan yana ɗauke da cuta, shukar za ta tashi da ita, idan kuma ya saba da yanayin da ba naki ba, ba zai sauya hali don ya zo lambunki ba.

Manyan fararen kawunan nan masu ban sha'awa da ake safararsu daga nesa, yawancinsu a wurare masu tsananin sanyi aka noma su. Ƙasar Sin kaɗai tana noma fiye da kashi biyu bisa uku na tafarnuwar duniya, kuma wasu daga cikin kayan da ake tafiya mai nisa da su ana yi musu maganin hana tsiro don kada su lalace a hanya. Irin waɗannan za su iya ƙin tsira, ko kuma su tsira su cika wuri da ganye amma su ƙi yin kai. Shawarata ita ce ki nemi iri daga hannun wanda ya noma shi a yanayi irin naki, ko da kawunan ba su kai waɗancan girma da haske ba. Ki matsa kan da hannu, ki tabbata yana da tauri da nauyi, babu inda ya loɓa, babu funfuna a gindinsa. Kada ki ɓare shi sai ranar shuka ko ana gobe, kuma ki bar wa kowace ƙwaya ɓawonta. Manyan 'ya'yan da ke zagaye ta waje su za ki shuka, ƙananan na tsakiya kuwa ba su cancanci wurin da za su ci ba, domin babbar ƙwaya ce ke ba da babban kai.

Wajen shukar, tsinin ƙwayar ya kalli sama, faffaɗan gindin da saiwa ke fitowa ya kalli ƙasa. Idan aka kifa ta, za ta tsira, amma sai tsiron ya lanƙwaso ya zagayo, kan kuma ya fito a karkace. Zurfin santimita 3 zuwa 5 ya isa, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin ƙwaya da ƙwaya, da santimita 20 zuwa 30 tsakanin layi da layi. Lokaci kuwa, farkon shigowar sanyi ne, bayan ruwan sama ya ɗauke. Dalili shi ne tafarnuwa tana yin ganyenta ne a cikin sanyi, da zarar zafi ya kawo jiki sai ta daina fitar da sabon ganye ta koma gina kai, kuma girman kan ya dogara ne a kan yawan ganyen da ta riga ta tara kafin wannan lokacin. Wanda ya makara da shuka ya rage wa kansa girman kai tun ranar farko.

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ina so in ƙara abu ɗaya wanda nake ganin bai kamata a tsallake shi ba. Tafarnuwa tana buƙatar ta sha sanyi na wani lokaci kafin kan ya rabu zuwa 'ya'ya, kuma idan ba ta samu ba, sau da yawa abin da ake tonowa dunƙule ne guda, mulmulalle, ba tare da rabuwa ba. Shi ya sa masu noma a wurare masu zafi suke sanya irin a cikin firiji na mako 4 zuwa 8 kafin shuka, a sanyin da bai wuce digiri 10 a ma'aunin Salshiyas ba. Ana saka kawunan ne yadda suke, ba a ɓare ba, a cikin jakar takarda, ba a cikin leda ba, don kada gumi ya ruɓar da su, kuma ba a sashen da ke daskarar da ƙanƙara ba. A ganina duk wanda ke zaune a wuri mai zafi ya kamata ya yi haka.

Mai Fangali:

'Yata, na karanta bayaninki da kyau, kuma ban musa ilimin da ke cikinsa ba, amma ban yarda da kalmar "duk wanda" ba. Na daɗe ina shuka tafarnuwa a wuri mai zafi, irina bai taɓa kwana a firiji ba, kuma kowace shekara kawunan suna rabuwa yadda ya kamata cikin wata huɗu zuwa biyar. Abin da nake gudu shi ne Hajiya ta ji wannan magana ta zuba irinta a firiji tana jiran mako takwas, kafin ta fito da shi rabin lokacin sanyin ya wuce, ta rasa abin da Malam ya ce shi ne tushen girman kai. Idan sanyin wuri gajere ne, kowane mako yana da daraja.

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:

Baba, na fahimci damuwarka. Amma maganin wannan ai lissafi ne: a fara sanyaya irin tun da sauran wata biyu kafin lokacin shuka, yadda ranar fito da shi za ta dace da shigowar sanyi.

Malamin Gona:

Ku duka biyu kuna da gaskiya, sai dai kowannenku yana magana ne a kan tafarnuwa dabam. Manyan rukunanta biyu ne. Akwai mai taurin wuya, wadda take fitar da wani kara ta tsakiya, 'ya'yanta ba su da yawa amma manya ne, suna jere a zagaye da karan. Wannan ita ce ta fi kusa da asalin tafarnuwa, wadda ta fito daga tsakiyar nahiyar Asiya mai tsananin sanyi, kuma ba ta yin kai mai kyau sai ta sha sanyi sosai. Akwai kuma mai laushin wuya, wadda yawanci ba ta fitar da kara, 'ya'yanta suna da yawa, hawa-hawa, manya a waje ƙanana a ciki. A cikin wannan rukunin akwai ire-iren da aka daɗe ana nomawa a ƙasashe masu zafi, har ɗan sanyin dare na 'yan watanni yana wadatar da su. Irin Alhaji Mai Fangali daga cikin waɗannan yake, shi ya sa bai taɓa buƙatar firiji ba.

Saboda haka ni a wurina firiji gyara ne ga irin da bai dace da wurin ba, ba ƙa'ida ba ce ga kowa. Yana kuma da nasa haɗarin, domin idan sanyayawar ta yi yawa, shukar tana gaggawar fara kai tun ganyenta bai cika ba, sai kan ya fito ƙarami, wani lokaci ma 'ya'yan su fara tsira a cikin ƙasa tun ba a cire ba, ka ga ƙananan ganyaye sun yi cunkus a tsakiyar shukar. Idan Hajiya ta samu irin da ya saba da yanayinta, ta shuka shi kai tsaye. Idan kuma ba ta san asalin abin da ke hannunta ba, ta raba shi biyu, ta sanyaya rabi ta bar rabi, ta shuka su rana ɗaya a fangali biyu, amfanin da ta samu shi zai nuna mata abin da za ta riƙa yi nan gaba.

Mazaunin Ƙasar Sanyi:

Ina biye da ku, kuma ina so in faɗi yadda abin yake a inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, don amfanin masu karatu da ke irin wannan wurin. A nan ana shuka ne da kaka, wajen watan Oktoba ko Nuwamba, 'yan makonni kafin ƙasa ta daskare, don ƙwayar ta samu ta yi saiwa ba tare da ta fitar da ganye mai yawa ba. Ana ɗan ƙara zurfi, sannan a lulluɓe wurin da busasshiyar ciyawa mai kauri. Tana kwana a ƙasa duk tsawon sanyin, ta taso idan gari ya fara ɗumi, a cire ta wajen Yuni ko Yuli, wato kusan wata takwas zuwa tara ke nan, kusan ninki biyu na lissafin Alhaji. Ina ganin wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙidayar kwanaki ba za ta amsa tambayar Hajiya ta uku ba.

Game da karan da Malam ya ambata, yana fitowa ne kimanin wata guda kafin cira, ya miƙe sannan ya naɗe kansa. Da zarar ya yi naɗi ɗaya ake karya shi, domin idan aka bar shi, ƙarfin da zai tafi ga kai sai ya tafi ga ƙananan 'ya'yan da ke saman karan. Waɗannan 'ya'yan na sama ana iya shuka su, amma sai sun shekara biyu zuwa uku kafin su ba da cikakken kai.

Mai Tukwane:

Ni ba ni da fili, a cikin bokitai nake shuka. Malam, shin tafarnuwa tana yi a haka? Kuma yaya batun taki da ban-ruwa, tun da har yanzu ba a taɓo shi ba?

Malamin Gona:

Tana yi, ɗan'uwa, matuƙar zurfin bokitin ya kai santimita 20 zuwa 30, an huda gindinsa sosai, kuma ba ka cusa 'ya'ya fiye da tazarar da na faɗa ba. Ka dai lura cewa bokiti yana saurin bushewa, baƙin roba kuma yana ɗaukar zafi.

Ko a bokiti ko a fangali, ƙasa mai laushi take so, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Idan ƙasar mai laka ce, a ɗaga kunya, a gauraya da ruɓaɓɓen taki, domin laka tana matse kan ta hana shi faɗi. Taki kuma lallai ya zama wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, yana kuma kawo ciyawa. A ba ta takin da ke sa ganye a makonnin farko, amma a dakata da shi da zarar gindin ya fara kumbura, domin takin da ya zo a makare ganye yake ƙarawa, yana jinkirta ƙosawa, kuma kan ba ya jure ajiya. Saiwarta ba ta zurfi, saboda haka ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi mata ambaliya sau ɗaya. Ka tura yatsa cikin ƙasa, idan ka ji danshi a gaɓa ta biyu, ka bari sai gobe. Ganyenta siriri ne, ba ya yi wa ƙasa inuwa, don haka ciyawa tana saurin fin ƙarfinta; a cire ciyawar da hannu tun tana ƙarama, kada a kai fartanya kusa da gindi, sannan a shimfiɗa busasshiyar ciyawa tsakanin layuka don ta riƙe danshi ta kuma sanyaya ƙasa.

Mai Fangali:

Na yarda da duk wannan. Amma a kan tambayar Hajiya ta uku, ga abin da nake yi: ina barin ganyen ya bushe gaba ɗaya kafin in cire, idan kuma na ga ya ƙi kwanciya, sai in kwantar da shi da hannu kamar yadda wasu ke yi wa albasa. Bayan an cire, ina shanya ta a rana a nan cikin fangalin. A ganina tafarnuwar da aka cire da ɗanyen ganye ba ta gama cika ba.

Malamin Gona:

Alhaji, da girmamawa, a nan ne zan saɓa maka, kuma ina roƙon ka yi haƙuri in tsawaita, domin wannan ita ce gaɓar da ta fi muhimmanci a duk zancen. Kowane ganye da kake gani a sama, gindinsa ne ya sauka cikin ƙasa ya naɗe kan, wato kowane ganye riga ɗaya ce a jikin tafarnuwar. Ganyen yana fara mutuwa ne daga na ƙasa zuwa na sama, kuma duk wanda ya mutu, ɓawon da ke haɗe da shi a cikin ƙasa yana fara ruɓewa. Idan aka jira har ganye ya mutu duka, sai a tono kai wanda ɓawonsa ya ƙare, 'ya'yan sun buɗe sun rabu da juna, ƙasa ta shiga tsakaninsu. Irin wannan kan yana da girma a ido, amma ba ya daɗewa a ajiye, domin babu abin da zai tsare shi daga bushewa da funfuna.

Alamar da nake bi ita ce, idan kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin ganyen ya yi rawaya daga ƙasa, biyar ko shida na sama kuma suna nan kore, lokaci ya yi. Wanda yake shakka ya tono guda ɗaya ya yanka ta a tsakiya ta kwance. Idan ya ga 'ya'yan sun cika ɓawonsu sun matsu da juna, kowace da iyakarta a fili, ta ƙosa. Idan kuwa tsakiyar tana nan kamar albasa, iyakokin ba su fito ba, ya ƙara mata mako ɗaya ko biyu. Kai ɗaya da aka yanka don gwaji ba ɓarna ba ce. Kwantar da ganye da hannu kuwa ba ya ƙara komai, tsayar da abincin da ke sauka zuwa kan kawai yake yi. Gaskiya ne wasu ire-iren masu laushin wuya suna kwanciya da kansu idan sun ƙosa, amma wannan alama ce da shukar ke bayarwa, ba abin da za a tilasta mata ba.

A dakatar da ban-ruwa mako ɗaya zuwa biyu kafin cira don ɓawon ya tsane. Kada a fizge ta da ganye, wuyan yana iya tsinkewa ya bar kan a ƙasa. A sa ƙaramin cebur daga gefe, a ɗan nesa da gindi, a ɗaga ƙasar sannan a zaro. A karkaɗe ƙasar da hannu, kada a buga kan da wani, kada kuma a wanke, domin duk inda ya ƙuje ko ya jiƙe, daga nan ruɓa za ta fara.

Mai Fangali:

Malam, maganar ɓawon nan ta shige ni, domin na sha ganin buɗaɗɗun kawuna a cikin waɗanda suka daɗe a ƙasa, kuma su ne ke fara lalacewa. Zan gwada cire wani sashe da wuri in kwatanta. Amma a kan shanya ina nan a kan bakana. A inda iska take a bushe, kwana biyu ko uku a fili ba ya cutar da ita, kuma ni ba tsirara nake barin kawunan ba: ina jera su layi-layi ne yadda ganyen layin baya zai rufe kawunan layin gaba, rana tana dukan ganye, iska tana ratsa kai.

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:

Baba, ai wannan da ka bayyana inuwa ce ka yi musu da ganyensu, kuma manoma da yawa suna yin haka. Abin da ake gudu shi ne rana ta doki kan kai tsaye, domin zafinta yana dafa 'ya'yan waje su yi laushi su canja launi. Ga mai ɗan lambun gida kamar Hajiya, wadda abin da za ta cire bai fi ta ɗauka a kwando ba, na fi ganin ta ɗaure su goma-goma da ganyensu da saiwarsu, ta rataye a ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, na mako 2 zuwa 4. Idan wuyan ya bushe ƙayau, ɓawon waje yana ƙara idan an taɓa shi, sai ta yanke saiwar, ta yanke ganyen ta bar kamar santimita 2 zuwa 3 a saman kan, ko kuma ta kitsa ganyen idan mai laushin wuya ce.

Maman Yara:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Zan nemi irin da aka noma a yanayi irin nawa in shuka shi kai tsaye da shigowar sanyi. Saura abu biyu. A ina ya kamata in ajiye wadda na cire, tun da an ce firiji yana da alaƙa da tsiro? Sannan, zan iya maimaita shuka a wannan filin kowace shekara, ganin cewa shi kaɗai nake da shi?

Malamin Gona:

Kada ki ajiye ta a firiji, Hajiya, domin sanyin nan da ake amfani da shi wajen shirya iri shi ne ke tayar da tsiro, musamman idan aka fito da ita cikin ɗumi. Ki zuba ta a kwando ko buhun raga, a ɗaki mai duhu, busasshe, mai iska. Mai laushin wuya da aka busar da kyau tana iya kai wata shida ko fiye, mai taurin wuya ba ta kai haka ba. Tun ranar da kika gama busarwa ki ware kawunan da suka fi girma da lafiya ki ajiye su dabam a matsayin irin baɗi, kada ki bari sai an cinye masu kyau sannan ki shuka ragowar. Dunƙulen da bai rabu ba ma kada ki raina shi, idan kika sake shuka shi yadda yake, yakan ba da babban kai mai 'ya'ya.

Maimaita wuri kuwa ban ba ki shawararsa ba. Tafarnuwa da albasa danginsu ɗaya, cututtukansu ma ɗaya ne, kuma mafi muni a cikinsu ita ce farar ruɓa: ganye ya yi rawaya tun lokaci bai yi ba, idan an zaro shukar a ga farar funfuna kamar auduga a gindinta da wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo-ɗigo. Waɗannan ɗigon suna iya zama a cikin ƙasa shekara 20 suna jiran dangin albasa. Idan kika ga haka, ki cire shukar tare da ƙasar da ke kewaye da ita ki fitar da su daga lambun, kada ki zuba su cikin takin da kike tarawa, ki kuma wanke ceburin kafin ki kai shi wani wuri. Tun da filin ɗaya ne, ki raba shi kashi uku ko huɗu, tafarnuwa ta riƙa zagayawa, yadda ba za ta koma inda ta tashi ba sai bayan shekara 3 zuwa 4, a tsakanin nan kuma ki sa wake ko ganyayen da ba dangin albasa ba. Ɗan'uwanmu mai bokitai shi nasa da sauƙi, sauya ƙasar bokitin kawai zai riƙa yi kafin kowace sabuwar shuka.